Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Wutar Lantarki kan madatsar ruwan Mambila

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya taya ka riƙo.

Ni tsohon malamin makaranta ne daga ƙasar Yawuri a jihar Kebbi. Na ɗauki alƙalami ne da yawun mutanen bakin ruwan Kainji: masunta, manoman albasa da shinkafa, matuƙan jirgin ruwa, da matan da ke bandar kifi. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis a Abuja. Abin da muke taƙama da shi kawai shi ne mun shekara 50 da ɗoriya muna zaune a gefen babbar madatsar farko da Najeriya ta gina domin wuta, mun san daɗinta, mun san ɗacinta. Duk lokacin da kasafin kuɗi ya zo ko kamfe ya ƙarato, sai mu ji an sake tayar da maganar gina madatsar Mambila ta jihar Taraba a rediyo, ana ta kiran megawat da biliyoyin daloli. Har yau ba mu ji wani jami'i ya tsaya ya faɗi inda za a kai mutanen da ruwan zai tasa ba, ko wanda zai biya bashin. Wannan shirun ne ya sa dattawanmu suka ce in rubuto maka.

Tun farko in cire maka shakku, ba mu ce kada a gina ba. Mu ma 'yan Arewa ne, mun san abin da rashin wuta ya yi mana. Mun ga masaƙun Kakuri a Kaduna sun koma kango, mun ga masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsadar man janareta na cikin abubuwan da suka durƙusar da su. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta lallaɓa megawat 4,000 zuwa 5,000. Wutar ruwa kuwa, muddin an gama biyan kuɗin gini, da wuya a samu mai arharta. Ba ta jiran iskar gas, ba ruwanta da masu fasa bututu. Kainji da aka ƙaddamar a 1969 har gobe tana ba da wuta. Habasha ta fara ginin tata madatsar a kan kogin Nilu a 2011, ta buɗe ta a Satumbar 2025 da ƙarfin da ya haura megawat 5,000, kuma mafi yawan kuɗin daga cikin gida ya fito. Wanda duk ya ce Najeriya ba ta buƙatar babban aiki irin wannan, bai taɓa kwana da jinjiri cikin zafin Afrilu babu fanka ba.

Sai dai, ranka ya daɗe, farashin dam ba ya ƙarewa a adadin da ake karanta wa 'yan jarida ranar sa hannu. Akwai wanda ake biya da dala, akwai wanda ake biya da gona da kushewar iyaye. Ina so mu duba su duka kafin a sake ɗaukar hoton musabaha.

Bari in fara da abin da aikin ya riga ya ci tun bai fara ba. Tun 1972 aka yi binciken farko a kan tsaunin Mambila. A 2003 aka ba kamfanin Sunrise kwangila, wadda tsohon shugaba Obasanjo ya ce bai amince da ita ba. A Nuwambar 2017 gwamnatin Buhari ta sa hannu da kamfanoni uku na ƙasar Sin a kan kusan dala biliyan 5.8, za a yi madatsu huɗu a yankin kogin Donga, a samar da megawat 3,050, bankin Exim na Sin ya ba da rancen kashi 85 cikin 100, Najeriya ta kawo 15. A shekarar nan dai Sunrise ya kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci da ke Paris, yana neman sama da dala biliyan 2.3. A 2020 aka ce an yi sulhu a kan dala miliyan 200, sulhun ma ya haifi wata sabuwar rigima. A 2021 ma'aikatarka ta ce an rage aikin zuwa rabi, megawat 1,525. A 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutum biyu da suka taɓa zama a kujerar da kake kai: Olu Agunloye kan kwangilar 2003, da Saleh Mamman kan naira biliyan 33.8 da aka ce ta shafi kuɗin Mambila da madatsar Zungeru. Dukansu sun musanta a ranar da aka karanta musu tuhuma, kuma ni ba alƙali ba ne. A Janairun 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je Paris ba da shaida. Ka duba fa, shugabanni biyu sun tsallaka teku domin shari'ar dam ɗin da babu buhun siminti ɗaya da aka zuba a gindinsa. Lauyoyi sun ci, masu ba da shawara sun ci, 'yan kwamiti sun ci alawus. Mutumin Gembu, babban garin tsaunin, bai ga ko ƙwan fitila ba. Aikin da ya yi wannan tarihi bai kamata a ce mana mu yi shiru mu yarda kawai ba.

Na biyu, bashi. Lokacin da aka sa hannu a 2017, dala tana kusan naira 305 a farashin gwamnati, wato aikin bai kai naira tiriliyan 2 ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin nan guda ya koma kusan tiriliyan 9 ba tare da an ƙara ko tsakuwa ba. Da dala za a biya bashin, amma mai shagon walda a Jalingo da naira yake biyan kuɗin wuta. Kuma wannan lissafi ne na in komai ya tafi daidai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Masana a jami'ar Oxford ta Ingila sun bi diddigin manyan madatsu 245 a ƙasashe 65, suka fitar da sakamako a 2014 cewa a tsaka-tsaki kuɗin gini yana ƙaruwa da kashi 96 cikin 100, kusan ninki ke nan, lokacin gini kuma da kashi 44. Ba sai mun je nesa ba. Zungeru mai megawat 700 an aza harsashinta a 2013, sai da ta ci shekara 10. Tana kan hanya, kusa da Minna. Ina ga wadda za a hau da injinanta ta kwanar tsaunin da ke bayan Serti, hanyar da babbar mota ɗauke da masara ma sai da addu'a take sauka? A 2025 kamfanonin da ke samar da wuta sun yi kukan suna bin bashin da ya kai naira tiriliyan 4. In kasuwar wuta ta kasa biyan waɗanda ke aiki yau, da me za ta biya bankin Sin gobe? Amsar da muka sani ita ce a ƙara kuɗin wuta, ko a yanko daga kason asibiti da makaranta.

Yanzu ga wanda ya fi damun mu, domin shi muka sani da jikinmu.

Lokacin da aka toshe kogin Kwara a 1968, kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa. Tsibiran Gungawa, har da Foge babba, suna ƙarƙashin ruwa. Ina yaro ƙarami a lokacin, amma na tashi na tarar da abin da aka bar mana. A garinmu gidajen bulon siminti aka gina, masu lanƙwasasshen rufin asbestos. Da bazara ɗakin gasa mutum yake yi. In rufi ya tsage, babu maginin ƙauye da ya san gyaransa. In ɗanka ya isa aure, babu yadda za ka fasa bango ka ƙara masa ɗaki, domin wanda ya zana gidan bai san cewa gidan Bahaushe ko Bagunge girma yake yi tare da iyali ba. Ba a jima ba mutane suka kwaɓa ƙasa suka yi ɗakunansu na gargajiya a gefe, suka zuba gero da awaki a ɗakin gwamnati.

Gida ma mai sauƙi ne. Babbar asara ita ce ƙasa. Mahaifina albasa yake nomawa a bakin kogi, da ƙwarya yake ɗibar ruwa yana watsa wa fangali. Bai san taki na buhu ba, domin kowace shekara ruwa yana hawa ya sauka ya bar masa sabuwar laka. Ruwa biyu suke da shi, farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai isowa da hunturu daga can ƙasar Gini, kuma sun san lokacin kowanne kamar yadda suka san lokacin salla. Da aka mayar da mu kan tudu, sai ga ƙasa mai tsakuwa, sai taki, daga baya sai injin ban-ruwa mai shan fetur. Mun koyi noma bakin tafki idan ya ja baya, gaskiya ne, kuma akwai masu samu. Amma hawan ruwan da saukarsa yanzu yana hannun masu buɗe ƙofa, su kuma buƙatar injinansu suke dubawa. Kana iya shuka shinkafa ta yi kyau, saura kaɗan a yanka, ruwa ya shanye ta cikin kwana biyu. Fulanin da ke cin rani a ciyawar fadama su ma sun rasa makiyayarsu, kuma babu wanda ya rubuta sunansu a littafin diyya, tun da ciyawa ba ta da mai ita a idon gwamnati.

Kifi ya yi yawa a shekarun farko, har masunta suka yi ta tururuwa daga ko'ina. Kafin a shekara 10 kamun ya faɗi warwas. Yau mai neman giwan ruwa babba sai ya sha wahala, da yawa sun koma kan warangi da ƙananan karfasa. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya taso suna nan a tsaye a ƙarƙashi, suna yaga koma, suna fasa jirgi. Garuruwan da dā ake zuwa da ƙafa ko ɗan gajeren fito, yanzu sai an yi doguwar tafiya a kan ruwa mai igiya. A Mayun 2021 jirgin da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya kife, sama da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An ce lodi ya yi yawa, jirgin kuma tsoho ne, kuma haka ne. Amma me ya sa mata da yara suke cunkusuwa a tsohon jirgin katako? Domin an yi tafki mai tsawon sama da kilomita 130 ba a bar mana jirgin fito mai inganci ba.

Akwai kuma tsargiya. Ruwan da ya tsaya cak shi ne gidan dodon-koɗin da ke ɗauke da ita. Lokacin da nake koyarwa, yaran aji biyar da shida suna fitsarin jini suna alfahari da shi, a ganinsu alamar balaga ce, tun da kusan kowane yaro yana yi. Ka ga yaro mai ƙwaƙwalwa yana gyangyaɗi a aji, idonsa fari fat. Wannan ciwon ba ya cikin lissafin kowane injiniya.

Wutar fa? Babban layi yana tashi daga Kainji ya nufi Birnin Kebbi, daga can wani ya wuce Yamai. Ba ma ƙyashin 'yan'uwanmu na Nijar, kogi ɗaya muke sha, kuma yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu. Amma ƙauyuka da yawa na bakin tafkin nan har yau sai dai su ɗaga kai su ga waya. Matan garinmu da itace suke banda, hayaƙi ya cinye musu idanu, domin babu ƙanƙarar da za a adana ɗanyen kifi. Dillali ya san kifinka ba zai kwana ba, don haka shi ke yanka farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, da aka ce ita za ta share mana hawaye, sai a 2010 aka yi dokarta, kuma ta ƙara shekara 10 kafin ta fara aiki. Ta raba rigunan ruwa, ta taɓa sare kututture, mun gode. Amma waɗanda aka tayar da girmansu a 1968 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya kafin ta zo.

Abin da zai ba ka mamaki, Yallaɓai, masana suna lissafa tashin mutanen Kainji cikin waɗanda aka yi da dama-dama a Afirka. Mu an gina mana gidaje, ba a harbe mu ba. Wanda yake son ya san yadda abin yake in ya ɓaci, ya tambayi mutanen yankin madatsar Bakolori a ƙasar Talatar Mafara. A Afrilun 1980 manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sandan kwantar da tarzoma aka aika musu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, rahotannin da suka fito lokacin sa hannun 2017 sun ce Mambila za ta tayar da kimanin mutum 100,000, fiye da ninkin namu. Kuma ƙasar can ba irin tamu ba ce ta 1968, lokacin da daji yake da yawa, mutane kaɗan. A kan tsaunin Mambila kowane tudu da mai shi, kowane kwari da mai shi. Manoma suna noman masara a kwaruruka, shanu suna kiwo a kan tuddai, ga gonakin shayi a Kakara, ga lambunan kofi da fiya da ayaba. Rigimar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ta daɗe a can, kuma a Yunin 2017 ta ɓarke aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Ruwan dam kwari yake cikawa. In ya cinye kwari, manomi tudu zai hau, tudu kuwa akwai shanu a kai. Duk wanda ya tsara wannan aiki bai fara da warware wannan ƙulli ba, to ya sani yana iya kunna wutar da ta fi ta lantarki saurin kamawa. Ina roƙonka ka sake karanta wannan sakin layi, domin shi ne abin da na fi tsoro a duk wasiƙar nan.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ba za ta taimake ka ba. Abin da take biya shi ne amfanin da ke kan ƙasa, gini da shuka da itatuwa, ita ƙasar kanta tana hannun gwamna. Mai biro zai zo ya ƙirga bishiyar mangwaro da ɗakuna, ya tafi. Wanda ke noma gonar aro ko jingina bai shiga ba. Gayaunar matar gida ba ta shiga ba, sai a rubuta sunan miji kaɗai. Makiyayin da ba shi da takarda bai shiga ba. Mai su a rafi bai shiga ba. A ɗaya gefen kuma, da zarar an ji ƙamshin diyya, sai masu hannu da shuni su sayi filaye, su kafa bukkoki cikin dare, sunayen mutanen da ba a taɓa gani a garin ba su cika takarda. Kuɗi a hannu kuwa ba gona ba ne. Manomin da aka danƙa wa kuɗi zai sayi babur, ya yi wa ɗa aure, ya biya bashi, bayan shekara biyu ya koma ƙwadago a gonar wani.

Sai kuma mutanen da ke ƙasa da dam, waɗanda ba a ma lissafa su cikin masu asara. Donga yana sauka daga tsaunin ya bi ta fadamu har ya shiga Binuwai, kuma duk tsawonsa akwai manoma da masunta da ke rayuwa da hawansa da saukarsa. Kwarin Binuwai ya riga ya sha wuya. Kamaru ta gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, Najeriya kuwa ba ta gina dam ɗin Dasin Hausa a Adamawa da aka ce zai tare ruwan ba. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 sama da 600 suka rasu. Dam yana iya rage ambaliya in an riƙe shi da kyau, na yarda. Amma mai sayar da wuta so yake tafkinsa ya cika maƙil, mai tsoron ambaliya so yake a bar wuri, kuma in biyun nan suka yi karo mun san wanda ke yin nasara. Ga kuma halinmu na rashin kula da abin da muka gina. Madatsar Bagauda a Kano ta fashe a 1988. Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shafe rabin Maiduguri. Mambila tana maƙwabtaka da tsaunukan Kamaru masu tarihin aman wuta, inda tafkin Nyos ya fitar da iskar da ta kashe kimanin mutum 1,700 a 1986, kuma tsoron wannan tafki ne ya sa aka gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba. Injiniyoyi sun fi ni sanin dutse, amma mutanen da za su kwana a ƙasan bangon suna da haƙƙin ganin abin da injiniyoyin suka rubuta.

A ce an gama ginin lafiya. Ta ina wutar za ta fito? Tsarin ya ƙunshi layukan dakon wuta na kusan kilomita 700. Yanzu haka injinan da ƙasar nan ta kafa sun kai kusan megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a bai kai rabi ba. Babban layin ƙasa ya faɗi kusan sau 12 a 2024 kaɗai. A Oktobar shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, mafi yawan Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu, masu gyara kuma suka kasa shiga wurin sai da rakiyar soja. Maiduguri ta yi dogon zama babu wutar gwamnati tun daga Janairun 2021 saboda an tarwatsa turaku a hanyar Damaturu. A aikin Zungeru ma an sace ma'aikata 'yan Sin a 2022. Wa zai tsare kilomita 700 na waya a cikin daji?

Ina kuma ganin ana raina abin da ke kusa. Dam ɗin Dadin Kowa a Gombe an gama shi tun shekarun 1980, amma injinansa masu megawat 40 sai da suka jira sama da shekara 30. A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 domin wutar hasken rana ta megawat 1,125, galibi a Arewa, maganar ta mutu a takarda. Na san waɗannan ba su kai Mambila girma ba, kuma rana ba ta haska dare. Amma ba sa tayar da gari, ba sa buƙatar shekara 10.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

Ka fito da takardun aikin nan fili: kowace kwangila tun daga 2003, nawa aka kashe, wa ya karɓa, me ya yi. Ka faɗa wa ƙasa dalla-dalla ko 3,050 ake nufi ko 1,525, nawa ne kuɗinsa a yau, nawa ne ruwan bashin, kuma me aka jingina. Majalisa ta yi zama a kai a bainar jama'a.

A sabunta binciken illar aikin ga muhalli da jama'a, wanda dokar 1992 ta wajabta, domin wanda aka yi shekarun baya bai san yaran da aka haifa tun daga lokacin ba. A mayar da shi Fulatanci da Hausa da harshen Mambila, a karanta shi a rediyo, a yi zaman jin ra'ayi a kasuwannin ƙauyukan da abin ya shafa. Taron otal a Abuja da aka gayyato sarakuna da 'yan siyasa kaɗai ba shi ne jin ra'ayin jama'a ba.

A ƙirga mutane gida-gida, da mata da masu gonar aro da makiyaya da masunta. A liƙa sunayen a ƙofar fada da masallaci da coci, a bar su wata uku, domin wanda aka tsallake ya yi magana, a kuma cire sunan baƙo. Wanda aka karɓi gonarsa a ba shi gona, wanda aka karɓi makiyayarsa a ba shi makiyaya, kuma a shata iyakokin nan da manoma da Fulani a zaune wuri ɗaya tun kafin katafila ta iso. Kuɗin sake tsugunar da jama'a a ware shi a asusu daban wanda ɗan kwangila ko gwamna ba zai taɓa ba. A bar mutane su faɗi irin gidan da suke so. Kada a rufe ƙofar dam sai mutum na ƙarshe ya girbe amfanin farko a sabuwar gonarsa. Wannan sharaɗin a rubuta shi cikin yarjejeniyar bashin kanta, domin alƙawarin baki mun san inda yake ƙarewa.

A rubuta a doka cewa ƙananan hukumomin Sardauna da Kurmi da maƙwabtansu su ne na farko da za a haɗa da wutar, tare da wani kaso sananne na kuɗin shiga kowace shekara. A sare itatuwa kafin ruwa ya taso. A tanadi jirgin fito da asibitin da ya san maganin tsargiya. A kafa hanyar gargaɗi ga mutanen ƙasan kogi, da harshen da suke ji, kwanaki kafin a buɗe ƙofa.

A fara da hanya da layin wuta, a yi dam ɗaya a ga yadda ta kaya, kafin a ci bashin guda huɗu.

Sai namu. Gwamnatin da ke neman mutanen Mambila su yarda da alƙawarinta, ta fara cika wanda ta yi wa mutanen Kainji da Jeba da Shiroro da Zungeru. A kai wuta ƙauyukan bakin tafki, a sa ranar gamawa, a faɗe ta a rediyo. Muna kuma roƙon ma'aikatarka ta ɗauki nauyin kawo wakilan manoma da makiyaya da matan Mambila nan ƙasar Yawuri da Borgu, su kwana biyu tare da mu ba tare da jami'i a tsakani ba, su tambaye mu abin da suke so. Kai ma muna gayyatar ka, ka zo ranar kasuwar Wara, za mu sa ka a jirgi ka ga kututturen da idonka.

Muna sauraron amsa, a rubuce ko ta rediyo. Allah ya ba ka ikon yin adalci. Ka huta lafiya.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
a madadin mutanen bakin ruwan Kainji, ƙasar Yawuri, jihar Kebbi.